Dandamalin katakon da aka yi mini a bayan gida ya kantare tun bai shekara ba

Baban Walida, Hotoro:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin katako a wannan zaure, domin abin da ya samu aikin da aka yi mini ya shige mini duhu, kuma ba na son in sake zuba kuɗi a kansa kafin in gane inda matsalar take.

A ƙarshen daminar da ta wuce na sa aka yi mini dandamalin katako a bayan gida, inda iyali za su riƙa shan iska da yamma, yara kuma su yi bitar karatu. Tsawonsa mita 5 ne, faɗinsa mita 3. A watan Satumba aka sayo katakon, aka kai shi inji aka goge, ana dawowa da shi aka fara aiki. Falankai masu faɗin inci 12 da kaurin inci 1 aka shimfiɗa a kan tu-bai-fo (katako mai kaurin inci 2 da faɗin inci 4), tsakanin kowane tu-bai-fo da na kusa da shi akwai kimanin santimita 90, aka haɗe falankan gam da ƙusa ba tare da an bar ko 'yar kafa a tsakaninsu ba. Ƙarƙashinsa daɓen siminti ne, tsayinsa daga ƙasa bai wuce bulo ɗaya ba, kuma an rufe gefunansa duka huɗu saboda ɓeraye da kaji. Daga ƙarshe aka shafa masa banish a sama. Babu rumfa a kansa, kuma ranar yamma a kansa take ƙarewa.

Da hunturu ya kankama sai abubuwa suka fara sauyawa. Gefunan falankan suka ɗaga sama tsakiyarsu ta lotsa, har kowanne ya zama kamar ƙaramin kwalekwale. Inda da babu kafa, yanzu yatsana yana shiga. Bakin wasu ya tsage, wasu ƙusoshin sun ɗago kai, akwai kuma guda biyu da suka murɗe ta yadda idan aka taka kusurwa ɗaya sai ɗayar ta tashi. Banish ɗin ma ya fara ɓarewa.

Kafintan da ya yi aikin ya ce iskar hunturu ce kawai, in riƙa yayyafa wa katakon ruwa kowace yamma, shi kuma zai zo ya ƙara ƙusa. Maganar ba ta kwanta mini ba. Tambayata ita ce, shin laifin katakon ne ko na aikin? Falankan da suka kantare za su gyaru, ko kuwa sai an sake sababbi? Idan gyara za a yi, yanzu ya kamata a yi ko a jira damina? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Kafinta, Gwale:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya mayar da alheri. Tun kafin in kai ƙarshen bayaninka na san ɗanyen katako aka shimfiɗa maka, domin katakon da aka haɗe shi gam a watan Satumba kuma yatsa ya shiga tsakaninsa a hunturu, ruwan da ke cikinsa ne ya fita, jikinsa ya tsuke.

Akasarin katakon da muke aiki da shi a Kano daga dazuzzukan kudu yake zuwa, irin su Ondo da Edo da Kuros Riba. Duk wanda ya saba shiga 'Yan Katako, ko ta Na'ibawa ko ta Rijiyar Lemo, ya ga yadda manyan motoci ke sauke shi. Itacen da aka sare a wurin da ruwan sama yake da yawa, aka tsaga shi aka ɗoro shi a tsakiyar damina, babu yadda za a yi ya iso nan a bushe. Wannan ba ha'inci ba ne daga mai sayarwa, haka kasuwar take. Busar da shi aikin mai saye ne da kafintansa, kuma wannan matakin ne aka tsallake a aikinka. Ɗanyen katako ba ya ɓuya ga wanda ya saba: ya fi nauyi, yana da sanyi a tafin hannu, zarto yana fitar da gari mai dunƙulewa, wani lokaci ma idan aka buga ƙusa sai ka ga ruwa ya tsattsafo a gindinta.

Maganar yayyafa ruwa kuwa, don Allah kada ka yi. Abin da za ta haifar shi ne saman katakon ya kumbura da dare ya tsuke da rana, tsagar ta ƙaru, ragowar banish ɗin ya ɓare, ruwan da ya zurara ƙasa kuma ya kira maka gara. Ƙarin ƙusa ma ba magani ba ne. Falanki mai faɗin inci 12 da ya riga ya lanƙwashe, idan aka matsa masa da ƙusa sai ya miƙe, tsagewa zai yi ta tsakiya, sai a rasa katakon gaba ɗaya.

Ni a sana'ata ba na shimfiɗa falanki mai wannan faɗin a wurin da rana da ruwa za su same shi. Irinsa na teburi ne da kanta da ƙofar cikin ɗaki. Na waje inci 4 ne, in ya yi yawa inci 5.

Ga wanda bai riga ya yi aikin ba kuma yana karanta wannan, yadda ake busar da katako ba wuya gare shi ba, haƙuri kawai yake so. A sami inuwa mai iska, a ɗaga shi daga ƙasa a kan bulo, a jera falankan hawa-hawa, a sa 'yan sanduna masu kauri ɗaya a tsakanin kowane hawa, kowace sanda ta zauna daidai saman ta ƙasa da ita, a bar kimanin rabin mita tsakanin sanda da sanda. A ɗora bulo masu nauyi a can sama domin katakon ya bushe a miƙe, a shafa fenti a bakin kowane falanki saboda ta nan ruwa ya fi saurin fita, shi ya sa tsaga take farawa daga baki. Kada a jingina shi da bango a rana, domin wannan ita ce hanya mafi sauri ta lalata katako a garin nan.

Abin da ba ka faɗa mana ba shi ne irin katakon. Ka tambayi kafintanka, domin amsar za ta sauya shawarar da za a ba ka.

Injiniya Abu Safwan, Sharaɗa:

Abin da Baba ya faɗa daidai ne, ni dai zan ƙara masa lissafi, saboda lissafin ne zai nuna wa Alhaji girman abin da katako ke fuskanta a Kano, kuma shi ne zai hana a maimaita aikin sau biyu.

Itacen da aka sare yanzu yana iya ɗauke da ruwan da ya haura rabin nauyin busasshen jikinsa. Ruwan farko da ke fita ba ya sauya girman katako. Sai damshinsa ya sauko kusan kashi 28 zuwa 30 cikin 100 sannan yake fara tsukewa, daga nan kuma zai ci gaba har sai ya daidaita da iskar wurin da yake. To, iskar Kano ba iri ɗaya ba ce a shekara. A hunturu da farkon bazara damshin iska da rana yakan sauka ƙasa da kashi 20, wanda ke kai katako ga damshin kashi 4 zuwa 5. A watan Agusta kuwa damshin iska yakan kai kashi 80, katako ya koma kashi 15 ko 16. Ma'ana, ko busasshen katako ne, kowace shekara sai ya yi tafiyar kusan kashi 10 ya dawo. Mutumin Legas ko Fatakwal bai san wannan tazarar ba, shi ya sa kayan katakon da suka zauna lafiya a can sukan buɗe baki idan aka kawo su nan.

Katako ba ya tsukewa daidai ta kowace fuska. Ta tsawo kusan babu abin da yake ragewa. Ta faɗi kuwa, tsukewar da yake yi ta bin zagayen zoben itacen (layukan da ake gani a bakin itace idan an yanke shi) ta ninka kusan sau biyu wadda yake yi daga zuciya zuwa ɓawo. Mu ɗauki itacen da ke tsukewa kashi 6 ta zagaye idan ya bushe ƙarƙaf. Falanki mai faɗin santimita 30 da ya sauko daga kashi 28 zuwa kashi 6 zai rasa kusan santimita ɗaya da rabi, wannan ita ce kafar da yatsan Alhaji ke shiga. Bayan haka, tsakanin hunturu da damina zai riƙa motsa kusan milimita 6 duk shekara. Da faɗinsa santimita 10 ne, motsin bai wuce milimita 2 ba, wanda sukuru zai iya riƙewa.

Lotsawar tsakiya kuma dalilai biyu ne ke kawo ta, kuma ya kamata a bambance su kafin a taɓa komai. Na farko shi ne wannan bambancin tsukewa: fuskar falanki da ta fi kusa da ɓawon itace ta fi ɗayar tsukewa, don haka gefuna sukan lanƙwasa su nufi wajen ɓawo. Idan wannan fuskar ce a sama, gefuna za su tashi. Idan ita ce a ƙasa, tsakiya ce za ta yi tozo. Na biyu shi ne bambancin damshi tsakanin sama da ƙasa. Saman yana shan rana da busasshiyar iska, ƙasan yana kallon daɓe a wurin da aka rufe ruf, sai saman ya tsuke ƙasan bai tsuke ba, gefuna su ɗaga. Banish ɗin da aka shafa a fuska ɗaya bai hana wannan ba, domin da zarar rana ta farfasa shi, ya daina tare komai.

Hanyar ganewa mai sauƙi ce, Alhaji. Ka bi falankan ɗaya bayan ɗaya. Idan wasu sun lotsa wasu sun yi tozo, to tsukewar bushewa ce ta fi ƙarfi. Idan kusan dukkansu gefunansu ne suka tashi, to akwai damshi a ƙasa, kuma ko katakon zinare aka sake shimfiɗawa haka zai yi matuƙar ba a buɗe ƙasan ba. Ka cire katakon gefe ɗaya ka leƙa da tocila, ka kuma taɓa daɓen da hannu.

Akwai kuma maganar gindi, wato tu-bai-fon da aka shimfiɗa falankan a kai. Tazarar santimita 90 ta yi yawa ga katakon inci 1, wanda bayan an goge shi ma bai cika inci ba. Abin da aka saba yi shi ne santimita 40. Kowane falanki ya sami sukuru biyu a kan kowane gindi, ɗaya a kowane gefe, kimanin santimita 2 daga baki, a fara huda ramin da injin huji kafin a ɗaura, musamman a ƙarshen falanki. Ƙusa santsi gare ta, katako mai kumbura da tsukewa yana tura ta sama a hankali, sukuru kuwa zarensa yana riƙe. A nemi wanda ba ya tsatsa, domin baƙin ƙarfe yana barin baƙin tabo a jikin katako idan ruwa ya taɓa shi.

Falankan da suka lotsa ba asara ba ne. Idan aka tsaga kowanne gida uku, zurfin lotsawar kowane yanki zai koma kusan kashi ɗaya cikin tara na yadda yake a da, wanda inji zai share ba tare da an cinye kaurin katakon ba. Guda biyun da suka murɗe ne ba na sa rai da su, saboda murɗewa daga jijiyar itacen take, ko dai ta tashi a karkace ko kuma an yanko falankin daga dab da zuciyar bishiya. Irin waɗannan sai dai a yayyanka su gajeru a yi matakala ko benci.

Shawarata a kan lokaci ita ce a kwance yanzu, a jera katakon a inuwa, a auna damshinsa da na'urar awon damshi kafin a mayar. Idan ba a sami na'urar ba, a ware falanki ɗaya a riƙa ɗora shi a sikeli duk mako, ranar da nauyinsa ya daina raguwa ya daidaita da iskar gidan.

Maman Ummi, Nassarawa:

Assalamu alaikum. Ni ba masaniyar katako ba ce, amma akwai irin wannan dandamali a gidanmu, rabinsa a ƙarƙashin rumfar kwano, rabinsa a fili, kuma katako ɗaya ne aka yi su da shi a lokaci guda. Wanda ke inuwa har yanzu lafiya lau yake, na filin kuwa ya yi fari ya tsattsage. Don haka, Alhaji, duk gyaran da za a yi, a sa rumfa a cikin lissafi, ko ta kwano ko ta zana, kuma a tare ɓangaren yamma, domin ranar Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 ba ta zo ba tukuna.

Abin da ya fi damuna a bayaninka shi ne ƙusoshin da suka ɗago, alhali ka ce yara suna zama a wurin. Yara ba takalmi suke sawa a tsakar gida ba. A hana su hawa tun yau har sai an kwance, saboda ƙusa da sartse ba sa jiran a gama shawara.

Sannan za ka sami masu ce maka ka shafa baƙin mai saboda gara. Ana yin haka a katakon rufi, amma wurin da mutane za su zauna, a shimfiɗa tabarma, jariri ya yi rarrafe, bai dace da shi ba ko kaɗan. Yana ɓata tufafi, yana tashi da wari idan rana ta yi zafi, kuma ba abin da ake so ya riƙa taɓa fata ba ne.

Baban Walida, Hotoro:

Na gode ƙwarai, Baba da Injiniya da Hajiya, Allah ya ƙara sani. Na hana yara hawa. Na bi falankan kamar yadda Injiniya ya ce, ban da guda uku da suka yi tozo, sauran duk gefunansu ne suka tashi. Da na cire katakon gefe na tarar daɓen a jiƙe yake ta ɓangare ɗaya, ashe ruwan wanki da ke fitowa daga wajen famfo ta nan yake bi ya kwanta, ga kuma warin ruma. Ban ga hanyar gara ba tukuna. Kafintan ya ce katakon afara ne, tu-bai-fo ɗin ma haka.

Baba, tunda afara ne, yana da amfani in kashe kuɗin tsagawa da gogewa, ko in haƙura in sayi wani? Kuma idan za a mayar a wannan yanayi na hunturu, wace irin kafa za a bari?

Tsohon Kafinta, Gwale:

Alhaji, afara katako ne mai kyau a inda ya dace, yana da sauƙin aiki, yana karɓar fenti, amma ba na waje ba ne. Ba ya jure ruwa, gara da ƙwaron da ke huda katako ya mayar da shi gari kuma suna son sa. Shi da obeche duk layinsu ɗaya a wannan fanni. Katakon da ke zama a fili shi ne iroko, wanda wasu ke kira loko, sai kawo, sai tik idan aljihu zai ɗauka. Iroko ba ya yawan motsi kuma gara ba ta cika damunsa ba. Malaina ma ba ta yawan kantarewa idan ta bushe, sai dai tana da jinkirin bushewa sosai, wanda ya yi gaggawa da ita zai dawo inda kake. Ko a cikin waɗannan, a zaɓi jan ciki, a guji farin gefen da ke kusa da ɓawo, domin shi ba shi da ƙarko ko a wace bishiya. Magabatanmu da suka riƙa rufin soro da azarar giginya, ƙarkonta da jurewar gara suka duba.

Ga yadda zan yi da a ce aikina ne. Gindin shi ne ba zan yi sassauci a kansa ba, domin shi ne a cikin damshi kuma shi ne ba a gani. A cire tu-bai-fo na afara gaba ɗaya, a sa na iroko ko kuma a sa mai walda ya yi gindin da ƙarfe a yi masa fentin hana tsatsa, a tazarar da Injiniya ya faɗa. Kada katako ya zauna kai tsaye a kan siminti, a ɗora shi a kan 'yan ginshiƙai. Kafin nan a karkatar da ruwan famfon, a gyara daɓen ya sami gangare zuwa magudana, a ƙara wa dandamalin tsayi idan ƙofa za ta bari, gefunan kuma a sa musu raga maimakon katako, ɓera ba zai shiga ba amma iska za ta ratsa.

Falankan afara kuwa, idan za ka yi rumfar da Hajiya ta ce, a tsaga su a yi amfani da su, za su yi maka wasu shekaru. Idan ba za a yi rumfa ba, kada ka kashe musu ko sisi, ka ajiye su don kanta a cikin ɗaki. In za a mayar da su, a shafa musu maganin gara irin Solignum a fuskar ƙasa da bakuna, a bar shi ya sha ya bushe, sannan a shafa man katako mai shiga jiki a fuskoki huɗu da baki biyu kafin a ɗaura, ba bayan an ɗaura ba. A bar banish, domin ɓawo yake yi a sama kuma ranar Kano ba ta barin sa. Man kuma a riƙa sabunta shi duk shekara kafin ruwan farko. Tsummokaran da aka shafa man da su a baza su a fili su bushe, kada a dunƙule su a kwali, domin suna iya ɗaukar zafi su kama wuta da kansu.

A kan lokaci, ina ganin ba sai an daɗe ana jira ba. Katakon da ya sha hunturu a fili ya riga ya zubar da yawancin ruwansa, abin da ya rage shi ne fuskar ƙasa ta kamo ta sama, wanda mako biyu ko uku a jere a inuwa da nauyi a kai zai wadatar. A tsaga kafin a jera, a goge bayan an sauke. Sabon irokon da za a saya ne yake bukatar sikelin Injiniya. Idan aka shimfiɗa a wannan yanayi, katakon yana kan mafi ƙanƙantarsa ke nan, damina kuma kumbura shi za ta yi, don haka a bar kafar milimita 5 zuwa 6 tsakanin falanki da falanki. Mu a wurin aiki ƙusa mai inci 4 muke sakawa a tsakani, mu ɗan sassauta mata, mu ɗaure, mu zare. A bar irin wannan kafar a jikin bango ma. Inda aka iya gane zoben itacen a bakin falanki, a juya fuskar zuciya ta kalli sama. Inda ba a gane ba, a sa fuskar da ta fi kyau.

Ka kira kafintanka ku zauna ka karanta masa wannan, ya kwance falankan a hankali da ƙafar akuya, wato ƙarfen ɓanɓare katako da cire ƙusa, yana sa guntun katako a ƙarƙashinta don kada ta ci jikin falankin. Idan an buɗe ƙasan ka duba gindin kowane tu-bai-fo da bakin sukundireba, duk inda ya nutse cikin sauƙi ka sanar da mu kafin a sayi komai.